Hannun da Baba Birki Ya Ɗaga

Tun yana tuƙa motar haya aka laƙaba masa Baba Birki, saboda ba ya iya wuce mutumin da ya tsayar da shi a bakin hanya. Ko mota ta cika maƙil sai ya tsaya, ya leƙo ta taga ya ba da haƙuri, fasinjoji na ta tsaki a bayansa. Da gwiwa ta fara damunsa ya ajiye tuƙi, ya koma gida wajen matarsa mai fama da ciwon suga. Abin da ya rage masa na ƙarfe shi ne wata tsohuwar ƙaramar mota da ba ta tashi sai an tura, wadda matar ke kira surukarta, don kullum sai an lallashe ta.

A yankin akwai haɗin gwiwar kiwon lafiya. Ƙananan asibitocin garuruwan da ke kusa da juna ne suka haɗa kai: hukuma na ba da nata kason, wata gidauniya daga waje na ba da kaso mafi tsoka, jama'a kuma na zuba ɗan abin da ya sawwaƙa. Da haka ake riƙe ɗakin gwajin jini a asibitin cikin gari, da motar asibiti mai zagaya ƙauyuka ɗauke da ma'aikaciyar jinya da kwalayen magani. Dokar haɗin gwiwar ta ce sai an sa wakilin jama'a a kwamitin gudanarwa, mai ƙuri'a kamar ta kowa. Da aka zo zaɓe ba a daɗe ana muhawara ba. Babu garin da bai taɓa sauke fasinja a ciki ba, babu kuma wanda ya taɓa jin ya cuci wani.

Ya ɗauki abin da gaske. Ranar taro yakan goge takalmi, ya riga kowa isa ɗakin da ke bayan asibiti, ya jera kujerun roba, ya zauna kusa da wani lalataccen ma'aunin jarirai da aka jingine a kusurwa. Yawancin maganganun likita da akanta wuce shi suke yi, ba ya kuma jin kunyar cewa a maimaita.

Sai gidauniyar ta sanar cewa za ta rage tallafinta, hukuma kuma ta ce ba ta da halin cike giɓin. Akanta ya bayyana wa kwamiti cewa abu biyu ba za su rayu tare ba: ko ɗakin gwaji, ko motar zagaye. Likita na son ɗakin gwaji. Ma'aikaciyar jinya ta dage a kan motar. Kwamiti ya rabu biyu daidai. Shugabar kwamitin, tsohuwar malamar makaranta, ta juyo gare shi.

"Baba, kai ka san hanyoyin nan. Idan motar ta daina zuwa ƙetaren kogi, mutanen can za su iya kawo kansu?"

Ya san amsar. Ya san cewa da ruwan sama ya kankama ƙaramar gadar nan nutsewa take, direbobi su ƙaurace wa hanyar. Ya kuma san cewa a ɗakin gwajin nan ake duba jinin matarsa, tafiyar ƙafa kawai daga gidansu, kuma in an rufe shi sai babban birni, tafiyar da ba za ta jura ba.

Ya ce, "Ana samun mota."

Bai yi ƙarya ba, ana samu a wasu lokutan. Da aka ce masu son ɗakin gwaji su ɗaga hannu, nasa ne ya raba gardama. Aka dakatar da motar zagaye, daga baya aka sayar da ita.

Watanni suka shuɗe yana gaya wa kansa cewa ɗakin gwajin ma mutane yake ceta, kuma hakan gaskiya ne. Sai wata rana a tasha wani direba ya ba shi labarin mai facin da ke ƙetaren kogi. Mutumin nan shekara da shekaru shi ke gyara wa Baba Birki taya, yana tsokanarsa cewa tayoyinsa sun fi zanen tsohuwa yawan faci. Hawan jini gare shi, motar asibiti ce ke kai masa magani. Da ta daina zuwa ya ci gaba da shigowa gari da kansa, har ruwa ya shanye gadar. Maganin ya ƙare, ya ce bari ruwa ya janye. Kafin ya janye ɓarin jikinsa ya shanye.

Baba Birki ya sa maƙwabta suka tura masa motar, ya tafi. Ya tarar da shi kwance a rumfar facin, tsakanin tsofaffin tayoyi da bahon ruwan gwada iska, baki a karkace. Mai facin ya gane shi, ya kama hannunsa da hannun da ke motsi, ya ƙi saki. 'Yarsa, wadda ta karɓi sana'ar, ta ce tun da abin ya faru babu wani na kwamiti da ya leƙo sai shi, Allah ya saka masa. Ya amsa da amin a ciki-ciki, ya kasa haɗa ido da ita.

Washegari da hantsi yana yanke wa matarsa farcen ƙafa, kamar yadda likita ya ce a riƙa yi mata a hankali, ya gaya mata komai. Ta janye ƙafarta.

"Malam, da sunana ka yi wannan, ba ka ko tambaye ni ba?"

"Da na tambaye ki, me za ki ce?"

Ta ce, "Ban sani ba. Wataƙila da na ce ka ɗaga hannun." Daga nan ta miƙo masa ƙafar ya ƙarasa.

A taro na gaba ya miƙe ya ce amsar da ya bayar ranar nan rabinta ya faɗa, ya kuma faɗi dalili. Shugabar ta ce kowa a ɗakin na da wani nasa da ke amfana da ɗakin gwaji, kada ya ɗora wa kansa shi kaɗai. Wannan bai sanyaya masa rai ba, sai ma ya nuna masa inda ɓarakar take: duk 'yan kwamitin a wannan gefen kogin suke kwana. Ya roƙi a gyara doka a ware wa ƙetare kujera. Aka ce sai hukuma ta sa hannu, aka yi ta jan ƙafa. Ganin haka ya sauka daga tasa kujerar, ya bi gida-gida yana roƙon a zaɓi 'yar mai facin. Aka zaɓe ta. Ita ce ta matsa har aka samo babur da ma'aikaciyar jinya ke hawa, ko da yake babur ba ya ɗaukar mai ciwo.

Shi kuwa ya mayar da kai magani ƙetare aikinsa. Yakan karɓo kwali a asibiti, ya ɗora a kujerar baya, in gadar ta nutse ya miƙa wa masu kwalekwale. 'Yar mai facin ta ji yadda ƙuri'ar ta kasance daga bakin 'yan kwamiti. Ba ta taɓa tayar masa da maganar ba, sai dai gaisuwarta ta gajarce.

Mai facin kansa bai sani ba har ya rasu. Baba Birki ya sha zama kusa da shi da niyyar faɗa, ya tashi bai faɗa ba. A wajen zaman makoki dangin mamacin suka shimfiɗa masa tabarma a cikinsu, suna nuna shi ga baƙi a matsayin aminin marigayi. Ya zauna a wurin har yamma yana karɓar gaisuwa.