Ledar da Inna Daso Ta Tsince

Har in bar duniya ba na jin zan manta ranar da motar kamfanin narka leda ta zo kantinmu ta koma Kano kusan wayam. Ku da kuka kama aiki daga baya ba ku tarar da komai ba sai tsohon allon nan da ke jingine a bayan buhunan gishiri, wanda aka rubuta wa "Kawo leda ka karɓi sabulu". Ina ganinku kuna kwantar da shi ku ci abinci a kai. To bari ku ji labarinsa.

Ga wanda bai san mu ba, kantin babba ne a Tudun Wada, na kayan masarufi, ana sari ana sayar da ɗaiɗai. Alhaji mai kanti ne a sama, sai manaja, a lokacin Malam Sabi'u, sai masu kanta da ke sallamar jama'a, sai ni Haruna mai sito. Aikin mai sito shi ne abin da ya shigo ya gani, abin da ya fita ya gani, in an yi ɓarna kuma shi ake fara kira. Yabo kuwa ba ya isowa sito, wurin masu kanta yake tsayawa.

Abin ya faro ne daga wata damina da leda ta toshe kwatar da ke gaban kanti. Ruwa ya rasa hanya ya shigo mana, ya jiƙa sukari da fulawa, muka wuni muna kwalfa da bokiti. Alhaji ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Ana cikin haka wani wakilin kamfani daga Kano ya zo ya ce suna narka tsohuwar leda su yi bokitai da silifa, in muka tara za su riƙa turo mota wata-wata su saya. Alhaji ya ga ya sami mafita. Da kaka ta kama aka kafa allo, aka ba ni sikeli da wani fili a bayan sito.

Tsarin ba wuya. Mutum ya ciko buhu da leda ya kawo mini, in ɗora a sikeli, in ya kai nauyin da aka yanke in ba shi sandar sabulu ko ƙullin gishiri, wanda ya fi so. Mutane kuwa suka yi ta kawowa kamar da bakin ƙwarya. Tsofaffi mata suka share lunguna, masu shayi suka daina zubar da tasu a kwata. Akwai masu wayo da ke cusa dutse a tsakiyar buhu, sai in zaro in miƙa musu in ce su kai wa magina, mu ba mu fara karɓar wannan ba tukuna. Gari ya yi fes. Ni kaina na riƙa tafiya ina ɗaga kafaɗa, kai ka ce ni na ƙirƙiro abin.

A cikin masu kawowa akwai wata dattijuwa Bafulatana, Inna Daso, mai tallar nono. Rugarsu na can kan hanyar Doguwa, ranar kasuwa kaɗai take shigowa. Ranar da ta fara zuwa, ƙwarya a ka buhu a hannu, na auna na miƙa mata sabulu. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ɗan nan, in kun karɓa ina kuke kai ta?"

"Kano, Inna. Inji ne zai narkar da ita."

"Ba za ta dawo ba?"

Na yi dariya na ce ai sai dai ta dawo a bokiti. Ta ce to madalla, sannan ta karɓi sabulun ta jefa a gefen zane.

Daga baya na gane dalilin tambayar. Ku 'yan cikin gari wataƙila ba ku sani ba: in an gama girbi, makiyaya kan shiga gonaki da yardar masu su, shanu su ci kara da karmami, su bar wa manomi kashinsu ya zama taki. Haka aka saba tun kakanni. Amma yanzu gonakin cike suke da leda, kuma saniya ba ta san bambanci ba, musamman ledar da aka taɓa ƙulla mai ko gishiri a ciki. Ta lashe ta haɗiye. Leda ba ta narkewa a ciki, sai ta dunƙule a tumbi, saniya ta yi ta ramewa tana tsaye har ta faɗi. Haka shanun Inna suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Saura guda, wata fara, daga zuriyar saniyar da mahaifinta ya ba ta tun tana yarinya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza sun yi kudu da garken wasu. Nonon wannan farar shi ne cinta, shi ne suturarta.

Saboda haka Inna ba sabulu take nema ba. Gonakin da ke kewaye da rugarsu ta sa a gaba, tana bin su kunya-kunya a sunkuye, tana ciro leda daga ƙaya da gindin kara. Duk rani ba ta fasa ba. Yatsunta suka tsattsage har na riƙa ɗebo mata man shafawa daga nawa. Babu wanda ya kai ta kawo leda, kuma duk zuwa sai ta leƙa bayan sito ta ga tarin buhuna ta ce, "Motar ba ta zo ba?" In ce tana hanya, don haka wakilin ke gaya wa manaja duk lokacin da aka buga masa waya.

Motar da aka ce wata-wata ba ta zo ba sai cikin bazara. Lokacin buhuna sun kai tsayin katanga. Muka fito da murna, har Malam Sabi'u ya sa aka kawo wa baƙi lemo mai sanyi. Wanda ya zo da motar ba wakilin farko ba ne, wani ne mai duba kaya. Ya kwance buhu ɗaya ya tura hannu, ya kwance na biyu, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai ba tamu ba ce," in ji shi.

"Kamar yaya? Ba leda ba ce?" in ji manaja.

"Leda ce, amma mu ledar fiya-wata muke ɗauka, mai kauri, mai tsabta. Wannan baƙar siririya ce, ga ƙasa ga kashin dabba. In ta shiga inji sai ta toshe shi. Ko kuɗin man mota ba za ta mayar ba."

"To me ya sa ba a gaya mana tun farko ba?"

Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai abin da aka turo shi ya ɗauka ke nan, wancan wakilin ma ya bar aiki. Ya tsinci 'yan buhunan da masu shayi suka kawo, ya shanye lemonsa, motar ta tashi. Na tsaya ina kallon tarin da aka bari. Fiye da rabinsa daga gonakin da Inna ta tsince ya fito.

Alhaji da ya ji bai ma yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce damina na tafe, takin zamani zai iso, kuma filin nan ake bukata. Manaja ya ce a ƙona. Duba-gari ya ji labari ya zo ya ce in muka kunna wa wannan tarin wuta a tsakiyar gari, hayaƙin zai kwantar da unguwa, kuma da hukuma za mu yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, a haƙa rami a binne mana."

"A filin wa, Haruna? Kana da shi?"

Ba ni da shi. Aka kira masu amalanke aka kwashe zuwa babbar bolar bayan gari. Kuma da yake buhu abu ne mai amfani, manaja ya ce kada a bar ko ɗaya a can. Aka zazzage ledar a kan juji, aka kaɗe buhunan aka dawo da su sito, na jera su da hannuna. Aka cire allo.

Abin da babu wanda ya tsaya ya tuna a cikinmu, alhali duk mun sani, shi ne lokacin da muke ciki. Ƙarshen bazara ne manoma ke sayen bola. Takin zamani ya yi tsada, shi kuwa juji yana da toka da kashin awaki da ruɓaɓɓen abinci, ƙasa na son shi. Ana loda shi a tifa a kai gona a zuba tsibi-tsibi, in ruwa ya sauka a baza. Ba a yi mako ba ina wucewa a kan babur na ga tifa na lodi a daidai inda muka zazzage. Na tsaya na gaishe da mai kayan, wani manomi Malam Isiyaku, na tambaye shi ina za a kai.

"Gonata ta hanyar Doguwa, wajen rugar nan."

"Malam, wannan ai leda ce zalla. Ka dubi Allah ka bar wannan gefen."

"Haba Haruna, na riga na biya. Ledar ai iska za ta kwashe, takin ne zai zauna."

Ban ga laifinsa ba. Shi ma iyali yake ciyarwa, kuma ba shi ya zuba ta a wurin ba.

Ranar kasuwa Inna ta zo da buhunta kamar kullum. Ta ga babu allo, ta leƙa baya ta ga fili fayau, fuskarta ta washe. "Allah Sarki, motar ta zo!" Da na so sai in ce e, ta tafi da farin cikinta. Amma ban iya ba. Na zaunar da ita a kan benci na gaya mata komai, har tifar Malam Isiyaku. Ta saurara tana murza yatsunta.

"Na ga tsibin a gonar," ta ce. "Na ce kai, mutanen gari ba sa gajiya da zubarwa. Ashe tawa ce."

Na ɗauko sabulu da kuɗin aljihuna zan ba ta, don tsarin ya riga ya mutu. Ta ce in bar shi. Ta ɗauki buhunta ta tafi da shi, ban san inda ta kai ba.

Da damina ta sauka aka yi huɗa, garma ta binne ledar rabi a ƙasa rabi a waje. Irin wannan ba ta tsintuwa. Ka ja ta yage, sauran ta jira shekara mai zuwa. Inna ta yi iya yinta. Da aka yi girbi ta ɗaure farar a gida tana yanko mata ciyawa daga bakin rafi. Amma rani dogo ne, ciyawa ta ƙare, ita kuma ƙarfinta ba kamar da ba. Dole ta sake ta cikin gonaki. Kafin zafi ya kama sosai nono ya ja baya, ƙwaryar da take kawowa cike ta koma rabi. Malamin dabbobi ya taɓa cikin saniyar ya ce sai dai a yi mata aiki a birni, kuma ko an yi ba lallai ta tashi ba. Da ta fara kasa miƙewa, dattawan ruga suka ce a yanka kafin ta zama mushe.

Mahautan kasuwarmu ne suka saya, a farashin da kunya ba za ta bar ni in faɗa ba. Ina sito aka ce in zo in gani. Sun farke tumbin sun ciro wani baƙin dunƙule kamar tukunyar miya, a murɗe, da tauri, wuƙa ma ba ta shigarsa. Mutane sun kewaye suna salati. Inna na zaune nesa kaɗan a gindin bishiya, babu ƙwarya a gabanta. Na je na durƙusa na ce, "Inna, sai haƙuri." Ta ce, "Na gode, ɗan nan. Kai dai ka gaya mini gaskiya." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ban daɗe da komawa sito ba sai ga ɗaya daga cikin mahautan ya shigo da sauri, hannunsa duk jini. Ya ce nama ya yi araha yau, mutane sun yi layi, ledarsu ta ƙare, in ba shi bandir biyu na baƙa. Na tsaya ina kallonsa. Manaja ya leƙo ya ce, "Haruna, mutum na jira." Na ɗauko na ba shi. A ciki aka ƙulla naman farar aka rarraba gidaje.

Inna ba ta sake shigowa kasuwa ba. An ce ta koma wurin 'yarta da ke aure wajen Dangora.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. A wannan sana'a tamu kowa ya iya karɓa, kowa ya iya bayarwa, amma babu mai bin kaya ya ga inda suka kwana. Babu mugu ko ɗaya a cikin labarin nan: Alhaji fili yake so, manaja buhu yake so, manomi taki yake so, kowa da hujjarsa mai kyau, kuma a tsakanin hujjojinmu tsohuwa ta rasa abincinta. Shi ya sa duk sabon manajan da ya zo ya ga allon ya ce a sake kafa shi, nakan yi masa tambaya ɗaya: in mun karɓa, wa zai ɗauka, kuma ya ga irin ledar da idonsa? Har yau ba wanda ya ba ni amsa. Leda kuwa gobe da safe za a sauke mana sabuwa, kuma ni zan buɗe ƙofa in karɓa.