Furen Ƙuduji a Kan Yadi

Shekarun baya, ina shekarar ƙarshe ta difloma a wata makarantar fasaha a Kano, abin da nake karanta shi ne tsara adon da ake bugawa a kan yadi. Mu 'yan Kiru ne, gidan manoma, kuma mahaifina bai taɓa gane kan wannan karatu ba. So ya yi in zama malamar asibiti. Da ƙyar ya bar ni, shi ma da sharaɗi: in na gama difloma in kawo masa abin da na koya ya gani da idonsa. In ya gamsu in ci gaba, in bai gamsu ba in dawo gida. Ba mai faɗa ba ne, amma in ya yanke magana ta yanku.

Da aka zo aikin ƙarshe, malaminmu ya ce kowa ya fita ya nemo adonsa a cikin abin da Allah ya tsirar, ban da kwafar tsohuwar atamfa. Wasu suka ɗauki ganyen zogale, wasu furen zoɓo. Ni kuwa, sarauniyar son a ce na fi kowa, na ce sai abin da ba wanda ya taɓa ɗorawa a kan yadi.

Ƙarshen damina ne. Na hau acaɓa zan gaida ƙanwar mahaifiyata a Badafi, sai muka wuce wata gona da ta yi ruwan hoda mai shiga shunayya daga bakin hanya har can ciki. Na ce wa mai mashin ya tsaya. Ƙuduji ne, ciyawar nan da ke manne wa saiwar dawa ta tsotse ta har ta ƙanjame. Na san shi sarai, don da hannuna na sha tuge shi ina yarinya. Amma a ranar idona ya koma na ɗalibar zane, launi kawai nake gani.

Na koma makaranta na duƙufa. Na zana furen, na jera shi yadda zai riƙa maimaituwa ba a ga gaɓa ba. Muka shimfiɗa yadi mai duhun kore a kan dogon tebur, ina ɗora firam mai raga, in zuba launi, in ja da roba, in ɗaga, in matsa gaba. Ya fito da kyau, ba yabon kai ba. Malaminmu ɗan birni ne, ya yi ta juya shi yana tambayar sunan furen. Kaina ya kumbura.

Bayan kaka na tafi gida da yadin a naɗe, tsarabar mahaifiyata kuma hujjata a gaban Baba. Abin da ban sani ba shi ne, a wannan shekarar ƙuduji ya cinye babbar gonarmu. Sun ɓoye min don kada hankalina ya rabu ina jarrabawa.

Bayan la'asar Baba yana kan tabarma a tsakar gida, Inna tana tankaɗe. Na durƙusa na warware yadin a gabansa. Inna ta leƙo, sai na ga ta ajiye rariya.

"Ke 'yar nan," ta ce, "duk furen duniya ki rasa na kawo mana sai wannan?"

A nan ta faɗa min abin da ya sami gonar. Na sunkuyar da kai, na fara lissafin yadda zan je in kwaso kayana daga makaranta.

Baba ya miƙo hannu. Ya jawo yadin kusa da fuskarsa, ya bi ganyen da yatsa, ya juya bayansa, ya sake juyowa. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata, ke kika yi wannan da hannunki?"

"Ni ce, Baba. Ka yi haƙuri, ban sani ba."

"Har siririn ganyen nan kin sa masa. Wallahi ina ganinsa hannuna ya tashi zai tuge." Ya yi ɗan murmushi. "Wanda ya iya zana abu har ya ɓata wa mutum rai a cikin gidansa, ai ya iya. Ki koma karatunki. Amma gaba ki zana dawa, ita ce take ciyar da ke."

Na yi kuka a wurin, na daɗi da na kunya a haɗe.

Yau wannan aiki shi ne sana'ata, kuma tun daga ranar ba na ɗora tsiro a kan yadi sai na tambayi kaina wa zai ɗaura shi, kuma me wannan tsiron ya taɓa yi masa. Dawa kuwa na zana ta sau ba adadi, har yau ban gamsu da yadda zangarniyarta take fitowa ba.

Inna ba ta taɓa kai yadin wurin tela ba. Ta ce ba za ta shiga gidan biki a Kiru sanye da ƙuduji mata su yi mata waƙa ba. Na ɗauka yana can ƙasan akwati. Sai da wata shekara na zo hutu, na tarar da shi shimfiɗe a rana a tsakar gida, ta wanke surfen dawa ta baza a kai.

"Inna, aikin diflomata ne fa!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta baza hatsin da tafin hannu. "To, ki bari dawa ma ta hau kansa ko sau ɗaya."