Jinin da Na Kai Wa Malama

Warin narkakkiyar roba shi ne abin da ya fi zauna mini daga wannan rana, shi da ƙarar injin da ke tofo bokitai ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Aikina duba kaya kafin a ɗaure, in ɗaga bokiti gaban fitila in ga ko launinsa ya zauna. Na gama jami'a, ban daɗe da aure ba, kuma ni mutum ce mai yawan lulawa cikin tunani. Nakan tsaya kallon haske yana ratsa jar roba ina haɗa baitoci a zuci, har matan sashenmu su ce ga 'yar boko ta sake tafiya Umara ba biza.

Kafin ranar na daɗe ina ganin ɗan jini a lokacin da ba na al'ada ba, musamman bayan mun kusanci juna da maigidana. Ba zafi, ba yawa. Abin da ya dame ni kawai sallata. Sai na kai wa malamarmu ta Islamiyya maganar, ta ce in kwantar da hankalina, wannan jinin ciwo ne da ake kira istihala, in wanke, in sake alwala, in yi sallata. Na dawo gida da sanyin rai. Azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, ina wankewa ina salla.

Ranar da nake magana a kanta, wasu ma'aikatan lafiya mata suka zo kamfanin suna gwajin ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, wadda suke kira HPV. Ɗan tsinke ne mai auduga, ki shiga ɗaki ki shafo ɗan danshin gabanki da kanki. Ni da na so in zille, wata dattijuwa mai shara, 'yar Jigawa, ta ja hannuna, ta ce in wuce mu je, 'yar nan, ko ba komai ma huta da ƙarar inji. Da sakamako ya fito aka kira ni asibiti, aka duba, aka ɗan yanki nama. Likitar ta ce sankara ce, amma tana matakin farko. Za su yanke wurin su bar mini mahaifata, bayan wasu watanni a sake gwajin ƙwayar. In ta tafi, to ina iya haihuwa. In tana nan kuma ciwon ya dawo, sai dai a cire mahaifar gaba ɗaya. Na ce to. Na tuna ina kallon wani ƙuda a jikin labule.

Watannin jiran nan ba ni da abin faɗa a kansu. Na koma aiki. Ina ɗaga bokiti, ina ajiyewa. Baiti ko ɗaya bai zo mini ba. Maigidana, direban tirela ne a Dakata, ba mai yawan magana ba, sai dai ya dawo da gurasa ya ajiye kusa da ni ya ce amarya a daure a ci. Da aka sake gwajin, ƙwayar tana nan. Aka sake dubawa, ciwon ya tsiro a gefen inda aka yanke. Aka cire mahaifar. Ban yi kuka ba, har yau ma ban yi irin kukan da ya kamata ba. Danginsa an ce musu ƙari aka cire mini a ciki.

Malama ba ta yi mini ƙarya ba, abin da na tambaya shi ta amsa. Ni da nake ji da sanin kalmomi, aka ce mini jinin ciwo, na riƙe hukuncin na bar ciwon. 'Yan'uwana mata, in kun ga jinin da ba ku gane ba, ku tambayi hukuncinsa, sannan ku wuce asibiti a ranar. In an yi muku aiki, kada ku bar gwajin da ke biyo baya. Shi ya kama nawa kafin ya yi nisa, shi ya sa nake raye ina rubuta wannan.

Shekaru sun shuɗe surukata ba ta taɓa tambayata jika ba, ni kuma na ɗauka kawaici ne irin na manya. Sai bara, muna tsince shinkafar biki a Zawaciki, ƙanwar maigidana ta dafa ni ta ce Allah Ya saka mini da haƙurin da nake yi da yayansu. Ashe tun ina kwance a asibiti ya je ya durƙusa gaban Hajiya mahaifiyarsa, ya ce likitoci sun gwada shi, shi ne ba ya haihuwa.