Hatimin Tsoho

Shekara talatin da ɗaya na yi ina akawu a ofishin ajiye fayiloli na babban asibitin garinmu, kuma ban ga wanda ya san aikinsa kamar Mai Awo ba. Ƙafafun roba yake yi wa waɗanda aka yanke wa ƙafa. Laƙabin ya samo shi ne daga tef ɗin awo da ke rataye a wuyansa kullum, wanda lambobinsa na farko suka goge saboda riƙo. Ba ɗan ƙasar nan ba ne. Ya zo yana da shekara talatin da biyu, shi da matarsa da akwatin ƙarfe guda, bayan an rufe ƙaramin asibitin da ya fara koyon aikin a ƙasarsu.

Ɗakin aikin yana bayan wurin wanki. Taga biyu gare shi, da dogon tebur, da buhunan filasta a jingine da bango, da 'yar tanda inda ake tausasa roba. A tsakiya akwai sanduna biyu na ƙarfe a jere, inda mutum ke riƙewa ya koyi tafiya da sabuwar ƙafa. Shugaban ɗakin wani dattijo ne da kowa ke ce wa Tsoho. Ranar da Mai Awo ya zo neman aiki, Tsoho bai tambaye shi takarda ba. Ya miƙa masa siffar dungun wani majiyyaci da aka zuba da filasta, ya ce, "Gaya mini inda ƙafar za ta yi wa mai ita ciwo."

Mai Awo ya rufe ido, ya shafa, ya nuna wuri biyu.

"Uku ne," in ji Tsoho. "Amma zauna, ka fi waɗanda suka ce babu."

Ga yadda suke aiki. Kowace ƙafa tana da kati: sunan majiyyaci, awonsa, ranar da aka gama, sannan a ƙasa hatimin wanda ya yi aikin. Hatimi ɗaya ne a ɗakin, na Tsoho. A sana'arsu, wanda ake koya wa ba ya sa sunansa a kan aiki, sunan malaminsa yake sawa, ko da shi ya yi komai tun daga awo har gogewa. A takardar ɗaukar aiki kuwa an rubuta Mai Awo a matsayin mai taimako a ɗakin aiki, domin gurbin da ke akwai a lokacin ke nan. Duk shekara biyu a sabunta masa izinin zama da wannan matsayi, ba wanda ya damu. A wancan zamani jami'in da ke buga maka tambari yakan tambaye ka lafiyar iyali kafin ya tambaye ka fasfo.

Shekara goma sha uku suka yi tare, sai Tsoho ya rasu. Asibiti ba ta naɗa wani ba, Mai Awo ya ci gaba da riƙe ɗakin shi kaɗai. Da katin farko ya iso teburina bayan rasuwar, na ga hatimin Tsoho a ƙasa. Na ɗauka na tafi bayan wurin wanki.

"Mai Awo, mutumin nan fa mun binne shi ranar Talata. Wannan katin na Juma'a ne."

Yana goge wata ƙafa, bai ɗago ba. "Akawu, wa ya nuna mini wuri na uku? Duk abin da hannun nan ya yi, shi ya yi. Ka bar masa sunansa."

"Sai a sassaƙa maka naka hatimin mana."

"In sa sunana inda nasa yake? Haba Akawu. Kai za ka zauna a kujerar mahaifinka ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba?"

A makarantar mishan da na yi, malaminmu yakan sa ka sake rubuta shafi guda saboda waƙafi ɗaya da ya kauce. Da wannan horo na yi aiki. Na sha mayar wa manyan likitoci kati saboda kuskuren kwanan wata. Amma wannan katin na koma da shi na jera a fayil, domin ni ma ina son ganin sunan Tsoho yana zuwa teburina. Haka na yi ta karɓa har shekara goma sha ɗaya. Kati dubu biyu da ɗari uku da sittin da huɗu.

A cikin waɗannan shekaru 'yar Mai Awo, wadda aka haifa a ɗakin haihuwa na asibitin nan, ta girma ta kai ajin ƙarshe na sakandare. Yaren ƙasar iyayenta ma gaisuwa kawai ta iya.

A shekarar da na yi ritaya aka sauya dokar baƙi ma'aikata. Aka raba su kashi biyu, ƙwararru da waɗanda ba ƙwararru ba, aka ce ƙwararru kaɗai za a sabunta wa izini. Masu yin ƙafar roba suna cikin jerin waɗanda ƙasa ke buƙata, na karanta da idona, layi na goma sha bakwai. Sai dai mutum ya kawo shaida: ko takardar makaranta, ko bayanin aikin shekara biyar da ya yi da sunansa, wurin aikin ya sa hannu. Wanda bai kawo ba, kwana casa'in ya bar ƙasa da iyalinsa.

Mai Awo ya zo gidana da safe da fom ɗin sabunta izinin a cikin leda. Matata ta kawo masa shayi, bai taɓa ba.

"Akawu, kai ka san takarda. Ina zan rubuta shekara ashirin da huɗu a nan?"

Na duba fom ɗin sama da ƙasa. Makarantar da zai ambata babu ita, asibitin ƙasarsu an rufe shi tun tuni. Katunan kuwa na san abin da ke ƙasan kowanne.

Muka je wurin manajan asibiti, mutum mai fara'a, ya tashi ya ba mu kujeru. Na ce abin da muke so wasiƙa ce mai layi uku, a ce tun rasuwar Tsoho wannan bawan Allah ne ya yi duk ƙafafun. Manaja ya juya biro a hannunsa.

"Baba Akawu, ka san abin da kake cewa in rubuta? In sa hannu cewa shekara goma sha ɗaya mamaci ne ke buga hatimi a asibitin nan, mai taimako kuma yana yi wa mutane ƙafa ba da izini ba? Gobe masu bincike su rufe ɗakin, su fara da ni, su gangaro kanka, tun da kai ka karɓi katunan."

"Su gangaro," na ce.

"Kai ka yi ritaya. Ni ina da 'ya'ya a makaranta."

Mai Awo ya ce, a hankali, "Ni ma ina da ita, ranka ya daɗe."

Manaja ya dubi taga. Wasiƙar da ya ba mu ta ce mai taimako ne nagari, ba ya makara.

Da labari ya bazu, mutum tara daga cikin waɗanda ya yi wa ƙafa suka ce sai sun raka shi ofishin shige da fice. Jagoransu wani direban babbar mota ne, mai ƙatuwar murya. Muka zauna a benci tun ƙarfe takwas, aka kira lambarmu sha ɗaya da rabi. Jami'ar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar jikata ba. Kafin mu yi magana direba ya kwance ƙafarsa ya ɗora mata a kan tebur.

"'Yata, duba nan. Shekara bakwai ina taka birki da ita. Ta fi waccan da aka yanke biyayya, ba ta taɓa kai ni inda matata ta hana ni zuwa ba."

Ta yi dariya, har masu jira suka taya ta. Ta ce, "To Baba, akwai sunan wanda ya yi ta a jiki?"

"Akwai rubutu a ciki, leƙa."

Ta leƙa. Da fensir aka rubuta awo da kwanan wata, a ƙasa kuma haruffa biyu na sunan Tsoho. Har a can ma Mai Awo bai sa nasa ba. Dariyar ta tsaya.

Ta daɗe tana duban allon kwamfutarta. "Baba, wallahi na yarda da ku. Amma gurbi biyu ne kawai a fom ɗin nan, takardar makaranta ko takardar wurin aiki. Babu inda zan rubuta na yarda."

Na rubuta ƙorafi da hannuna, shafi huɗu, na ɗauki laifin katunan a kaina. Amsa ta zo bayan kwana arba'in da ɗaya, ta ce shaidar wanda ya bar aiki ba ta cikin abin da doka ta lissafa. Abu ɗaya aka samu: 'yar Mai Awo, da yake a nan aka haife ta, an bar ta ta zauna har ta gama jarrabawa, in akwai mai riƙe ta. Matata ta share mata ɗakin baya.

Kwanakin da suka rage Mai Awo a ɗakin aiki ya ƙarar da su. Mutum goma sha huɗu ke jiran ƙafa, ya gama wa goma sha ɗaya. Sauran ukun ya bi su gida ɗaya bayan ɗaya ya ba su haƙuri.

Da safe muka raka su tasha. Matarsa ta riƙe 'yarta ta ƙi saki, sai da yaron mota ya yi magana sau uku. Mai Awo kuwa ya ja ni gefe.

"Akawu, direban nan yana ɗaure maɗaurin ƙafarsa da ƙarfi, zai ji wa kansa rauni. Ka ce masa kar ya wuce huda ta uku. Yarinyar kuma ba ta faɗa idan ba ta da lafiya, sai an lura."

"Za a lura."

"Kar ka sa abin a ranka. Ni na ce ka bar sunan."

Ya hau mota, suka tafi.

An sa wa ɗakin bayan wurin wanki kwaɗo. Wanda aka yanke wa ƙafa yanzu sai a rubuta masa takarda zuwa wani gari mai nisan awa shida, ya shiga layi.

Bayan wata huɗu wasiƙar Mai Awo ta zo, 'yarsa ta karanta mana a tsakar gida. Ya ce sun sauka lafiya wurin ƙanensa, garin ya sauya har yakan ɓata a hanyar kasuwa. Ya je asibitin can neman aiki, suka ce suna matuƙar buƙatar irinsa, ya kawo shaidar aikin da ya yi a ƙasar waje. Yanzu yana zama a rumfar wani mai gyaran takalma, yana taya shi ɗinki. A ƙarshe ya tambayi ranar da za a fara jarrabawa, ya ce a gaya wa yarinyar ta yi karatu sosai, ta fito da takarda mai sunanta.

Nan ta tsaya, ta ninke wasiƙar, ta ce, "Baba Akawu, sauran gaisuwa ce." Ta shige ɗakin baya ta ja ƙofa.