Kawu Tanimu da Fankon Magani

Duk wanda ya san Kawu Tanimu a Dugabau ya san ƙasa yake kallo in yana tafiya. Ba kunya ba ce, don bai san ta ba. Fankon magani yake nema. In ya ga katin ƙwaya da aka shanye aka yar, sai ya tsuguna ya ɗauka, ya kaɗe shi, ya duba gaba da baya, ya jefa aljihu. A gida ya juye cikin wani buhun taki da ke rataye a zaure. Yayan mahaifiyata ne, kuma sau da yawa na ji tana ce masa, "Yaya, mutane fa na cewa ka taɓu."

"To su ci gaba da yarwa," in ji shi, "ni kuma in ci gaba da taɓuwa."

Bai yi boko ba, amma ta launi da girman gurbin ƙwaya yana gane na hawan jini da na suga, yana kuma riƙe da bayan gidan da ya tsinci kowanne. Sai ka ji sallamarsa da hantsi. A gaisa, a tambayi iyali da gona da gajiya, sannan ya gyara zama ya ce, "Alhaji, kwana tara ban ga naka ba. Warkewa ka yi, ko duniyar ce ta ishe ka?"

Wani maƙwabcinmu ya gaji da wannan ziyara, ya koma jefa nasa bayan katangar liman. Kawu ya je ya gaida liman da jiki. Liman ya rantse lafiyarsa ƙalau. Kawu ya ce haka masu suga suke cewa, ya wuce wurin mai shayi ya ba da umarni. Wata guda cur liman yana shan shayi ba sukari kafin mai laifin ya fito ya yi bayani.

Majalisa biyu ce a garinmu: ta 'yan gwamnati a gindin darbejiya, ta 'yan adawa a rumfar mai shayi. Kawu yana zama a duka biyun, kuma a kowacce ra'ayin ɗayar yake karewa. Lokacin kasafin kuɗi kuwa kakarsa ce. Waɗannan su ce a rage haraji, waɗancan su ce a ba da magani kyauta, shi ya ƙaryata kowa. Wani ɗan takara ya taɓa zuwa daga Kabo da lasifika, ya yi alkawarin maganin kyauta ga kowane tsoho. Kawu ya ɗaga sanda.

"Ranka ya daɗe, wane maganin? Faɗi sunan guda ɗaya."

Mutumin ya waiwayi na bayansa, ya yi gyaran murya, ya ce, "Akwai na ciwon kai."

"Wannan dole ku sani," in ji Kawu. "Ku ke kawo mana ciwon."

Abin da ya sa muke alfahari da shi ya faru ne shekarar da ƙungiyar manoman rani ta gama gyaran kwalbati, kuɗi suka yi rara. Nan take gari ya rabu. 'Yan darbejiya suka ce a rage kuɗin ƙungiya na baɗi, kowa ya ji sauƙi a aljihunsa. 'Yan rumfa suka ce a sayi magani a raba, amma da taro da fosta da hoton ɗan takararsu. Jagoran masu son ragi shi ne Malam Audu, abokin Kawu tun suna kiwon awaki tare, abokin gardamarsa kuma na shekara hamsin.

Da safen ranar taro Kawu ya kira ni zaure, ya shimfiɗa mini fankon Malam Audu a tabarma. Na farko kati ne cikakke. Na baya gutsattsari ne, irin wanda mai kemis ke yankawa da almakashi ya sayar da ƙwaya biyu ko uku ga wanda kuɗinsa bai kai ba. Daga nan babu komai.

"Ka ga abin da ya sa yake son ragin," in ji shi. "Kuma ragin ko na mako ɗaya ba zai saya masa ba. In ka faɗa wa wani, ba ni ba kai."

Yau da izinin Malam Audu nake faɗa. Sharaɗinsa ɗaya, in rubuta cewa har gobe Tanimu bai fi shi gaskiya ba. Na rubuta.

A wurin taro Kawu ya bari kowa ya yi jawabinsa, sannan ya zazzage buhun gaba ɗaya a tsakiya. Ya ware gutsattsarin gefe guda, suka yi tudu.

"Waɗannan duk na iyayenku ne da ku kanku. Na san mai kowanne."

Dattawa da dama suka fara duba farcensu.

"Ba zan kira suna ba, in dai ku ma ba za ku kira ba. A sayo magani a Gwarzo, wanda likita ya rubuta wa mutum kawai. Ba fosta, ba hoto, ba layi."

'Yan rumfa suka ce to ina ribarsu. Ya ce ribarsu ita ce bai kira sunayensu ba. Aka ɗaga hannu, magani ya ci. Malam Audu ya ƙi amincewa da babbar murya, ya kira Kawu mai tsince-tsincen bola, ya kaɗe rigarsa ya fita.

Washegari Kawu ya ajiye masa na wata guda a zaure.

"Ba na karɓar sadakar 'yan adawa, Tanimu."

"Wa ya ba ka sadaka? Fankon nake so. Ka fitar mini da ƙwayoyin, ɗaya kullum, ka ba ni kayana."

Haka suka yi shekara shida. Kowace shekara Malam Audu ya tashi a taro ya nemi a soke tsarin a rage kuɗin ƙungiya, kowace shekara a kayar da shi, kowane wata ya cika wa Kawu alkawarinsa na fanko.

Bara Kawu ya rasu, bayan jinyar kwana huɗu. A taron farko da aka yi babu shi, wani matashi ya kawo shawarar a soke maganin, tunda mai kare shi ya tafi. Ido ya koma kan Malam Audu.

"Yaro, zauna," ya ce. "Gardamar tawa da Tanimu ce, ba da ku ba. A bar abin yadda ya bar shi."

Allah Ya jiƙan Kawu Tanimu, Ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa wa mutanen garinsa a nan. Ya ba Malam Audu haƙuri da lafiya. Amin.