Gwaggo Verna a Rigar Yayarta

Gwaggo Verna, ƙanwar babana, tana da shekara goma sha tara ta auri wani Bature mai gyaran layin dogo. Dokar Kanada ta lokacin ba ta san sabo ba: duk macen ƙabilarmu ta Ojibwe da ta auri bare an cire ta daga cikinmu, ba ta da ikon zama a keɓaɓɓen yankinmu na bakin tafki. Namiji kuwa in ya auro Baturiya, ita ce ke zama 'yar gida.

A birnin Sudbury suka zauna. Da mijin ya tafi yamma neman aiki aka daina jin ɗuriyarsa, sai ta kwaso 'ya'yanta biyu ta nufo gida cikin tsananin sanyi. Yayarta, Gwaggo Bernadette, ita ke gidan iyayensu. Ta ba su shayi da soyayyen burodi, suka kwana, da safe ta ce su koma, don in wakilin gwamnati ya ji, ita ma zai iya raba ta da gidan. Verna ta koma birni tana gyaran ɗakuna a otal har yaran suka girma.

Sai a 1985 aka gyara dokar. Ta dawo da furfura, ta kama dafa wa 'yan makaranta abinci. Tsakaninta da yayarta sai ɗaga hannu daga nesa a bakin coci.

Bayan wasu shekaru ni da ƙawayena muka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, muna bi gida-gida muna jin labaran matan yankin. Gwaggo Verna tana feɗe kifi ta ba mu nata, ko ɗago kai ba ta yi ba. Muka roƙe ta ta fito a matsayin kanta.

"Ni? Na yi Verna har na gaji da ita," in ji ta. "Ku ba ni Bernadette."

Na ce, "Gwaggo, ba wurin ramuwa ba ne fa."

"Ke Loretta, kunnuwan ubanki kika ɗebo, ga girma ga rashin ji. Na ce ku ba ni."

Kwanakin farko na gwaji da zafi take yi, tana buga ƙofar katakon da ake rufe wa Verna a wasan har sai da ƙusa ta fita. Rannan ta kama ƙofar amma ba ta buga ta ba.

"'Ya'ya shida Yaya Bernadette ke da su a lokacin," ta ce a hankali. "Mijinta yana asibitin masu tarin fuka."

Daga ranar ta canza. Sai ta rufe ƙofar sannu, ta jingina da ita, ta sulale ƙasa ta rufe fuska.

Ranar Asabar da rana muka yi wasan a zauren makaranta, ya cika har da masu leƙe ta taga. Gwaggo Bernadette tana layin gaba da sandarta. Da aka zo wurin ƙofar, Gwaggo Verna ta sulale ƙasa kamar yadda ta saba. Aka tashi, Gwaggo Bernadette ta dogaro har bayan labule.

"Verna, ban zauna a ƙasa ba," ta ce. "Fita na yi a guje ba takalmi, na bi sawunku cikin ƙanƙara har bakin titi. Na tarar motar da kuka shiga ta tashi."

Gwaggo Verna ta ce, "To Yaya, me ya hana ki faɗa?"

"Kin tambaya?" Ta goge ido da gefen gyale. "Kuma ni ban taɓa yin ƙiba haka ba. Kin cika rigata kamar buhun shinkafar daji."

Verna ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka.

Muka ƙara gudun nan cikin wasan. Da muka fara yawo da shi zuwa wasu yankunan, Bernadette ta ce sai an je da ita, ta ƙwace kujerar gaba a motar, tana gyara wa kowa magana. Faɗansu bai ƙare ba, ko kan gishirin miya sai sun yi. Gwaggo Verna ta ci gaba da fitowa a wasanninmu har gwiwoyinta suka ƙi hawa dandali, daga nan ta koma ɗinka mana kayan sawa.