Bukar Magini da Busasshiyar Igiya

Ranar kasuwa, da hantsi, Falmata ta aiko maƙwabcinsu ya shaida mini mijinta Bukar ya cika. Na yi salati. Daga nan na ji ƙirjina ya yi sakayau, ban kuwa ji kunyar haka ba. Shekara shida yana kwance, daga ƙugu zuwa ƙasa ba abin da ke motsi.

Bukar magini ne daga wajen Kelle. Ni kuma a lokacin tafinta ne, ɗan lekol, wato ɗan boko, mai takalmi. Ana ginin doguwar mangazar ajiye hatsi a nan Gure, ana zaunar da magini bisa katako, a ja shi sama da igiyar kaba ya yi yaɓe. Bukar ba ya hawa sai an jiƙa igiyar, don busasshiyar kaba tsinkewa take yi. Yakan ce wa masu ja, "Ku ba ta ruwa tukuna, ita ma aiki za ta yi."

Ran nan aka manta ba a jiƙa ba. Bukar ya ce in roƙi Baturen aikin a dakata zuwa azahar. Baturen yana cikin fushi, ni kuma ina tsoron kujerata. Na yi masa wata magana dabam da Faransanci, na juyo na ce wa Bukar an ƙi. Ya dube ni, ya hau. Ya kusa kaiwa saman bango igiyar ta tsinke.

Shekara na kewayowa aka ba wani kujerar da na tsare. Abin da karatuna ya tsinana mini ke nan: iya ƙarya da harshe biyu.

Yana kwance yake tufka igiya, Falmata na kaiwa kasuwa. Duk wanda ya je dubiya sai ya tambaye shi ko ya gyara indararonsa kafin damina. Nakan je, in zauna, in tashi ban faɗi abin da ya kai ni ba. Tsorona kada ɗayanmu ya mutu da maganar a cikina.

Juma'ar da ta wuce na faɗa masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya kira ni Mushe, yadda ake kiran 'yan lekol da Faransanci.

"Mushe, ai na sani. Fuskarka na duba ran nan. Na yafe maka tun kafin a iso da ni gida. Kai ne ka daɗe a hanya."

Allah Ya jiƙan Bukar, Ya sa jinyarsa ta zama kaffara, Ya yalwata masa kabari. Allah Ya ba Falmata da ɗiyanta haƙuri, Ya rufa musu asiri. Mu da muka rage, Allah Ya yafe mana abin da tsoro ya sa muka aikata. Amin.